Daga Kano zuwa Damagaram: Shagon Mai Hoto Ya Koma Cikin Waya

Akwai wata hanya da motocin haya suka saba zagayawa a ƙasar Hausa. Takan taso daga Kano ta bi Katsina, ta tsallaka iyaka a Jibiya ta shiga Maraɗi, ta miƙe gabas ta Tasawa zuwa Damagaram, sannan ta gangaro kudu ta Matamaye da Daura ta dawo Kano. Tafiya ce ta fiye da kilomita 700, a ƙasashe biyu masu kuɗi iri biyu da harshe ɗaya. Matafiyin da ya bi ta yana lura da masu ɗaukar hoto zai tarar da abu guda a kowane zango: kyamara tana rataye a wuya, amma sana'ar kanta ta tare a cikin waya. A nan ake ciniki, a karɓi kafin alƙalami, a gyara hoto, a miƙa shi ga mai shi. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, cikin manhajojin da suka cika wayar mai hoto, na yi wa hoto kwalliya ake rububi, alhali waɗanda ke riƙe da arzikinsa da mutuncinsa su ne na rubuta alkawari da na ajiya, kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Da Kano za a fara, domin nan ne kasuwar ta fi ci. A kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut ake sayen ƙananan kayan aikin da suka sauya sana'ar: memori, 'yar na'urar da ake soka wa waya ta karanta shi, da batirin guzuri na caji. Idan watan Sha'aban ya kama, iyaye suna son a kai 'ya'yansu ɗaki kafin azumi, ko bayan salla, ko hutun ƙarshen shekara, mai hoto ba ya samun barcin kirki, don biki ɗaya kan ƙunshi kamu da sa lalle da ɗaurin aure da walima da kai amarya. A wurin kamu, ana cikin guɗa da liƙi, sai ka ga ya ja gefe ya jingina da bango. Ya haɗa kyamararsa da waya ta Camera Connect idan Canon yake riƙe, ko SnapBridge idan Nikon ce, ya zaɓi hotuna biyar ko shida, ya daidaita haskensu a Lightroom ko Snapseed yana jan yatsa a kan gilashi, ya tura wa babbar ƙawar amarya. Kafin a raba abinci, dangin da ke Jidda da Legas sun ga zanen lallen da ke hannun amarya. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma ba na raina shi. Wanda ya san lokacin da ake kai fim wurin wanki a jira kwanaki, wani lokaci ma a ce ya ƙone, ya san ƙimar wannan saurin.

Sai dai rigimar mai hoto da masu biki ba kasafai take tasowa daga rashin kyawun hoto ba. Daga baki take tasowa. An yi ciniki a waya cikin raha, an yi fatan alheri, kowa ya tafi da abin da ya fahimta. Ranar biyan ciko sai ka ji uwar amarya tana cewa, "Haba ɗana, ai har da walima muka yi da kai," shi kuma yana cewa, "Wallahi Hajiya kwana biyu muka yi, walima daban ce." Babu maƙaryaci a cikinsu, mantuwa ce da zato. Haka nan ake samun wanda ya karɓi biki biyu a Asabar ɗaya, ya tura yaronsa da ƙaramar kyamara wurin ɗaya, ko albam ɗin da aka ce sati biyu ya kai wata huɗu. Maganin duk wannan yana cikin wayar da ke hannunsa, kuma kyauta ne. Tun watan Janairun 2018 aka fito da WhatsApp Business, mai ba ɗan kasuwa damar jera kayansa da farashinsu, ya ajiye amsoshin da yake yawan bayarwa, ya kuma sa wa kowace hira alama: wannan ya ba da kafin alƙalami, wannan ana binsa ciko, wannan an gama da shi. Idan aka haɗa da kalandar waya mai tunatarwa, rabin aikin sakatare ya ƙare. Abin da ya rage shi ne ɗabi'a, wato da an gama ciniki a tura saƙo ɗaya mai ɗauke da ranaku da wurare da yawan hotuna da kuɗi da ranar miƙawa, a nemi mai biki ya amsa da cewa ya yarda.

Wani zai ce ai akwai manhajojin da aka ƙera musamman don masu hoto, me zai hana a rungume su a huta? Akwai su kam, kuma suna da kyau. HoneyBook ta Amurka da Studio Ninja ta Ostareliya suna riƙe wa mai hoto jerin abokan ciniki, su tura takardar yarjejeniya a sa hannu ta waya, su aika takardar neman biya, su tunatar da wanda ya makara. Pixieset ta Kanada da ShootProof ta Amurka suna buɗe wa kowane biki ɗakinsa a intanet mai kalmar sirri, masu biki su shiga su zaɓi abin da suke so a wanke musu. Amma an ɗinka su ne daidai jikin wata kasuwa, inda abokin ciniki ke duba imel kullum, yake biya da kati, mai hoto kuma yake biyan kuɗin wata-wata da dala ba tare da ya ji a jikinsa ba. A nan kuwa uwar amarya saƙon murya take turawa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar da shi na tsawon lokaci. Babban situdiyo mai ɗaukar bikin manya zai iya ɗaukar wannan nauyi, kuma ya kamata ya ɗauka. Ga sauran masu sana'ar, abin koyi a waɗannan manhajoji shi ne tsarin da suke tilasta wa mai su: ba a riƙe rana sai an biya kafin alƙalami, ba a fara aiki sai an yarda a rubuce, ba a saki hotuna duka sai ciko ya shigo. Ana iya bin wannan tsari ko da kalanda da WhatsApp kaɗai.

Daga Kano zuwa Katsina wajen kilomita 170 ne, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya. A Katsina, musamman ranar hawan salla da hawan Bariki, idan dawakai suka cika filin Ƙofar Soro, ana ganin wani fannin sana'ar dabam da na biki. Abokan cinikin mai hoto a nan masu yawa ne, kuɗin kowannensu kaɗan: mahayin da ke son a ɗauke shi cikin alkyabba da amawali, saurayin da ya zo kallo da abokansa, uban da ya ɗora ɗansa a kan doki. A da kuɗi a hannu ake ba shi. Ƙarancin takardun naira na watannin farko na 2023, bayan sauya fasalin kuɗi da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, shi ya koya wa jama'a taransfa da ƙarfin tsiya, kuma OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga aljihun talaka tun daga lokacin. Amfanin wannan ga mai hoto ya wuce sauƙin karɓar kuɗi, domin kowace naira da ta shigo tana barin suna da rana da sa'a. Littafin ciniki ne da yake rubuta kansa. Amma ba ya karantuwa idan a asusu ɗaya ake karɓar kuɗin aiki, a yi cefane, a sayi kati, a tura wa ƙanwa gudunmawa. Mai hoton da ya ware asusu ɗaya na sana'a zalla zai iya duba wayarsa a ƙarshen shekara ya san ko kyamarar tana mayar da kuɗinta, ya san watannin da kasuwa ke mutuwa don ya yi musu tanadi. Kuma a cikin manhajar ake tabbatar da shigar kuɗi, don masu alat na bogi sun fi son wurin cunkoso, inda ba mai natsuwar dubawa.

Da an wuce Jibiya an shiga Ɗan Isa, manhajojin kuɗin Najeriya sun zama baƙi. Maraɗi birnin Katsinawa ne, sarkinta ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, kuma auratayya tsakanin ɓangarorin biyu ba ta taɓa yankewa ba, saboda haka ana gayyatar mai hoto daga nan zuwa can, daga can zuwa nan. Amma a Nijar da sefa ake lissafi, a ce jaka goma, jaka hamsin, kuma kuɗi ya fi bi ta kamfanonin aike irin su Nita da Amana da Al Izza, ko Airtel Money. Wanda ya yi ciniki da baki bai faɗi da wane kuɗi za a biya shi ba, kuma a kan canjin wace rana, ya bar ƙofar rigima a buɗe, musamman a shekarun da naira ke zubewa yayin da sefa ke ɗaure da kuɗin yuro ba ya motsi. Abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara fito da wannan fili. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a sake buɗe hanya a hukumance ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan hali, duk wanda ya karɓi kafin alƙalamin bikin da ke ƙetare yana bukatar abin da zai nuna nawa ya karɓa da abin da aka yarda a yi idan zuwa ya gagara. Ga kuma wata 'yar matsala da ba a cika tunawa da ita ba: biki a ƙasar Hausa sau da yawa da salla ake auna shi, a ce sati biyu bayan salla, alhali Nijar da Najeriya kan saɓa da kwana ɗaya a ganin wata. Sai an rubuta ranar da lambarta kafin magana ta zauna.

Tsakanin Maraɗi da Damagaram tafiya ce ta fiye da kilomita 200 a kan babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, cikin gonakin gero da itatuwan gawo. A nan matafiyi ke gane cewa sabis da wuta ba abin dogaro ba ne, kuma a nan maganar ajiya take ƙara nauyi. Lissafin ba shi da wuya. Hoto ɗaya ɗanye, kamar yadda kyamarar ƙwararru ke ajiye shi kafin gyara, yakan kai megabait 25 zuwa 30, don haka hotuna 1,000 na biki ɗaya sun kai gigabait 25 ko fiye. Google kuwa gigabait 15 yake bai wa mutum kyauta, ya daina ajiyar hotuna marar iyaka tun 1 ga Yunin 2021, kuma daga 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ma a cikin wannan rabon ake ƙirga ta. A Najeriya, hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Don haka wanda ya ce ajiya a intanet ta fi ƙarfin ƙaramin mai hoto yana da hujja, idan ɗanyun hotuna duka ake nufi. Amma ba su ake nufi ba. Ɗanyun su zauna a faifan ajiya guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Waɗanda aka zaɓa aka gyara, a ce 300 masu megabait 5 kowanne, gigabait ɗaya da rabi ne kacal, ana iya ɗora su da dare lokacin da sabis ya saki. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauki hirar WhatsApp a matsayin ma'ajiya, domin yana matse hoto ya rage masa inganci sai dai idan an tura shi a matsayin fayil, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ko ta shiga hannun masu ƙwace, tafiyarsu ke nan. Manomin da ya zuba hatsin shekara duka a rumbu ɗaya kusa da murhu ba ya da bakin kuka da ƙaddara.

A Damagaram ake fahimtar cewa maganar ta wuce ribar mutum ɗaya. Birnin shi ne hedikwatar Nijar har 1926, kuma wanda ya shiga unguwar Birni, ya bi lungunanta tsakanin manyan duwatsu da gidaje masu zanen bango har fadar Sarki, ya san yana cikin tarihi. Amma yawancin tsofaffin hotunan wannan birni da ake gani a littattafai baƙi ne suka ɗauka, da idonsu da bukatarsu. Hoton da ɗan gari ya ɗauki 'yan garinsu a ranar farin cikinsu shi ne shaidar yadda mutane suke son a gan su, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa. A Bamako ta ƙasar Mali an ga abin da ajiya ke haifarwa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya adana dubban fina-finan hotunansa shekara da shekaru, kuma da su duniya ta san shi tun kafin rasuwarsa a 2001. Malick Sidibé kuwa yakan kwana yana ɗaukar matasa a wuraren rawa, ya wanke ƙananan hotuna, ya liƙa su a jikin fayil na kwali, ya sa wa kowanne lamba, ya rubuta sunan taron da ranarsa, washegari matasan su zo su duba su ce a wanke musu lamba kaza. Abin da Pixieset ke sayarwa a yau ke nan, da kwali da gam da biro. Wannan tsari na ciniki shi ya zama kundin tarihin da ya kai shi ga karɓar lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Benis a 2007. Mai hoton Kano ko Damagaram na yau yana ɗaukar hotuna a wata ɗaya fiye da abin da waɗancan suka ɗauka a shekara, amma idan yana goge memori bayan kowane biki don ya sami wurin na gaba, ba abin da jikokin amaren nan za su tarar.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan ajiye hotunan biki, kuma ina ganin ya fi na tsadar data cancantar a saurare shi. Hotunan biki hotunan matan mutane ne, wasu an ɗauke su a cikin gida, a taron da namiji baƙo ba ya shiga sai da lalura. Magidanci yana da dalilin jin tsoro idan ya san hoton iyalinsa yana zaune shekaru a wayar wani, wayar da za a iya ƙwacewa ko a kai wa mai gyara ya buɗe. Amsar wannan ita ce ajiya mai ƙa'ida, domin rashin tsari ne ke jawo fallasa. Hoton da ke yawo a waya marar makulli, ana tura shi ta Xender daga wannan yaron shago zuwa wancan, ya fi zama haɗari fiye da wanda ke faifan da aka kulle ko ɗakin intanet mai kalmar sirri da tabbacin shiga mataki biyu. A cikin saƙon yarjejeniya ya kamata a faɗi tsawon lokacin da za a ajiye hotuna, a bai wa mai biki zaɓin a miƙa masa duka a goge, a kuma tambaye shi ƙarara ko ya yarda a sa wani a Instagram don talla. Doka ma ta tsaya a nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta bai wa wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gida ikon hana a yaɗa shi, sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023. Yawaitar mata masu ɗaukar hoto a bukukuwan mata ya rage wani ɓangare na damuwar, amma su ma amanar ɗaya ce a wuyansu.

Wasu kuma za su ce neman a rubuta yarjejeniya tsakanin mutanen da suka san juna rashin yarda ne, a garin da mai biki ƙila abokin mahaifinka ne. Ban yarda da wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma kafin alƙalami bashi ne a kan mai hoto har sai ya yi aikin, ciko kuma bashi ne a kan mai biki. Fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja sun san darajar takarda da shaida, ba su ɗauke ta cin fuska ba. Ladabi yana cikin yadda aka faɗa. Mai hoto zai iya cewa, "Baba, na rubuto abin da muka yi ne don kada in manta in saɓa maka," babu dattijon da zai ji haushin wannan. Wanda bai iya karanta boko ba a tura masa da murya, ya amsa da murya, wannan ma shaida ce mai rana da sa'a.

Hanyar dawowa ta Matamaye tana shigowa Daura, garin rijiyar Kusugu da sallar Gani, inda a ranakun hawa za ka ga samari masu koyon sana'ar suna bin iyayen gidansu da jaka da fitila. Abin da suka fi zumuɗin koya shi ne yadda ake goge tabo da sauya launi, kuma cikin 'yan watanni suke ƙwarewa. Kirana ga iyayen gidansu da ƙungiyoyin masu hoto na waɗannan garuruwa shi ne, kada a yaye yaro sai ya iya tura saƙon yarjejeniya, ya iya raba kuɗin sana'a da na aljihu, ya iya ajiye biki guda a wuri biyu da suna da kwanan wata. Ga matasanmu masu rubuta manhaja a Kano da Zariya da Yamai kuwa, ga aiki yana jiranku: manhaja da Hausa, mai aiki ko babu sabis, mai lissafi da naira da sefa, mai nuna watan Musulunci gefe da na boko, mai karɓar saƙon murya a matsayin yarda, wadda za a biya kuɗinta da taransfa. Ku zauna da masu hoton unguwarku, ku tambaye su inda kuɗinsu ke maƙalewa, sannan ku fara rubutawa.